Infuluwenza, korona, RSV da nimoniya: wace allura za a yi, kuma wa za a fara yi wa a gida?

Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta kafa kan korona tun 30 ga Janairun 2020. Ba ta ce cutar ta tafi ba. Cewa ta yi ta shiga sahun cututtukan da za a ci gaba da zama da su. Mu a nan kuwa tun kafin wannan sanarwa mun riga mun ajiye takunkumi, an kwashe botikan wanke hannu daga ƙofar banki da makaranta, rumfunan rigakafin ma an naɗe su. Abin da bai sauya ba shi ne hunturu. Da iskar ta kaɗa, hazo ya rufe gari, sai gida ya ɗauki tari daga ɗakin yara har turakar maigida. Yawancin mutane sati guda sun warware. Kaɗan kuwa, jariri ɗan wata biyu ko tsohuwa mai ciwon zuciya, daga wannan tarin ne ake wucewa da su asibiti ana neman iskar oksijin.

Akwai allurai huɗu da aka yi domin waɗannan kaɗan ɗin. Ba duka ake samu a ko'ina ba, mafi yawansu na kuɗi ne, kuma amfaninsu bai zo ɗaya ba. Duk wanda yake ɗauke da nauyin gida, ga iyaye tsofaffi ga mata ga yara, dole ya zaɓa. Ra'ayina tun daga farko shi ne kada a tambayi wace allura ce ta fi kyau. A tambayi wane ne ya fi rauni a gidan, sannan a nemo masa wadda ta dace da shi.

Murar yau da kullum, mai atishawa da yoyon hanci, ba ta da rigakafi, domin ƙwayoyin da ke kawo ta sun haura iri ɗari. Ba ita ake nufi ba. Infuluwenza daban take: takan faɗo wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon gaɓoɓi, ciwon kai da busasshen tari, ta kwantar da ƙato kwana uku zuwa biyar. Korona kowa ya san ta. RSV ita ce ba a san sunanta ba alhali kusan kowane yaro yana kamuwa da ita kafin ya cika shekara biyu. A jikin babba kamar mura take, a jikin jariri kuwa tana toshe ƙananan hanyoyin iska na huhu. Waɗannan ukun bairos ne. Ta huɗun bakteriya ce mai suna numokokas, mai kawo nimoniya, wato ciwon huhu, tana zaune lafiya lau a hancin mutane da yawa, musamman yara. Bairos ne ke fasa katanga, ita kuma ta bi ta kafar ta shiga huhu kamar ɓarawon da ya tarar an riga an yi masa hanya. Shi ya sa za ka ga tsoho ya fara samun sauƙin mura, bayan kwana biyu zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, ga ciwon ƙirji ga kaki mai kauri. Da ido ba a iya rarrabe su, ko likita sai da gwaji. Mu kuma a nan duk zazzaɓi maleriya ne har sai an sha magani bai yi aiki ba, don haka da yawa daga waɗanda infuluwenza ta kayar ba su taɓa sanin sunan abin da ya same su ba.

Na fara da allurar infuluwenza saboda ita ce aka fi rainawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace shekara mutum miliyan 3 zuwa 5 ne cutar ke yi wa mugun kamu, kuma tsakanin 290,000 da 650,000 ke mutuwa ta hanyar matsalar numfashi da take jawowa. Allurar tana da aibi biyu da ya kamata a faɗa a fili. Na farko, ba ta cika kariya ba: a shekarar da ta dace da irin ƙwayar da ke yawo, tana rage haɗarin kamuwa har a je asibiti da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, a shekarar da ba ta dace ba kuma ƙasa da haka. Na biyu, duk shekara sai an sake, domin ƙwayar tana sauya kama, kariyar kuma tana raguwa bayan 'yan watanni. Mai son biya sau ɗaya ya huta ba zai ji daɗin wannan ba.

To me ya sa na sa ta a gaba? Saboda an gwada ta a kan mutane irin namu. An yi wani babban gwaji mai suna IVVE a ƙasashe goma na Afirka da Asiya da Gabas ta Tsakiya, har da Najeriya, kan mutum sama da 5,000 masu raunin zuciya, aka fitar da sakamako a 2022. Babban abin da masu binciken suka sa a gaba, wato raguwar mutuwa da bugun zuciya da shanyewar jiki a tsawon shekara, bai fito sarai ba. Amma ciwon huhu ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari a cikin waɗanda aka yi wa allurar, kwanciya asibiti ma ta ragu, kuma a watannin da infuluwenza ke yawo an ga raguwar mace-mace. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon zuciya, ƙafa a kumbure, ba ya iya kwanciya sai a jingine, ya san abin da kwanciya asibiti sau ɗaya ke ci na kuɗi da na ƙarfin majinyaci. A Bamako ma an yi gwaji kan mata masu juna biyu tsakanin 2011 da 2014, aka ga jariransu sun samu kariya ta kusan kashi biyu cikin uku a watanni huɗu na farko. Wannan babban abu ne, domin ba a yi wa jariri allurar sai ya cika wata shida, kariyar da zai samu kafin nan daga jikin uwa take zuwa.

Ba ta cikin jerin alluran da gwamnati ke yi kyauta a Najeriya, sai dai a asibitoci masu zaman kansu da manyan shagunan magani na birane. Yaron da bai kai shekara tara ba, idan karon farko ne, sau biyu ake yi masa da tazarar sati huɗu. Akwai nau'in da aka ƙarfafa domin 'yan shekara 65 zuwa sama, irin su Fluzone High-Dose da Fluad, amma idan babu su a yi ta gama-gari, kada a zauna jira. Wani zai ga kwalin bana an rubuta iri uku alhali na shekarun baya huɗu ne, ya ɗauka an rage inganci. Ba haka ba ne. Reshen ƙwayar da ake kira Yamagata ba a sake ganinsa ba tun Maris na 2020, lokacin da duniya ta kulle, shi ya sa aka cire shi.

Maganar lokaci tana da ɗan sarƙaƙiya a wajenmu. Sau biyu a shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ke fitar da haɗin allurar: a Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya, a Satumba domin na kudanci. Ta arewa tana shiga kasuwa wajen Satumba da Oktoba, ta kudu wajen Maris da Afrilu. A ƙasashen zafi cutar tana yawo kusan duk shekara, amma tana da lokacin da take tashi. Masu sa ido a cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai sun ga ta fi yawa da sanyi, wajen Janairu da Fabrairu, alhali a Senegal da damina take tashi. Ga mutumin Kano ko Katsina ko Maraɗi, allurar Oktoba ko Nuwamba ita ce ta dace da hunturu. Jiki yana buƙatar kamar sati biyu kafin ya gina kariya, don haka ba ranar da tari ya shigo gida ake tafiya neman ta ba.

Allurar numokokas kusan kishiyar wannan ce. Ta fi tsada a tashi ɗaya, amma ga babba yawanci sau ɗaya ake yi ko sau biyu a rayuwa. Yara kuwa kyauta ce: Nijar ta shigar da ita a 2014, Najeriya ta fara a Disambar 2014, ana yi a sati 6 da 10 da 14 tare da allurar Penta, wadda ke kare su daga tarin shiƙa da mashaƙo da wasu uku. A nan zan tsaya in faɗi abin da ya fi komai ci mini rai. Najeriya tana da yara sama da miliyan 2 da ko allura ɗaya ta jadawali ba a yi musu ba, mafi yawansu a Arewa. Mashaƙon da ya ɓarke tun ƙarshen 2022, Kano ce ta fi jin jiki, kuma galibin yaran da suka rasu ba su da cikakken rigakafi. Magidancin da ke lissafin kuɗin allurar mura ta kansa alhali katin rigakafin ɗansa ya tsaya a allurar haihuwa, lissafinsa ya juye. Wadda ba a biyan ko kwabo ita ce ta fi dukkan waɗannan ceton rai.

Ga manya, hujja mafi ƙarfi ta fito daga Holan, inda aka gwada allurar numokokas mai suna PCV13 kan tsofaffi kusan 85,000. Ta rage ciwon huhun da nau'o'in da ke cikinta ke kawowa da kashi 45 cikin ɗari, ta rage shigar ƙwayar cikin jini da ƙwaƙwalwa da kashi 75. A lura da iyakar: nau'o'in da ke cikinta kawai. Numokokas ta haura nau'i 90, kuma ba ita kaɗai ke kawo nimoniya ba. Lambar da ke jikin sunan allurar, 10 ko 13 ko 15 ko 20, adadin nau'o'in da ta ƙunsa ne. Akwai kuma tsohuwar, Pneumovax 23, wadda ta fi faɗi amma kariyarta ba ta daɗewa kuma ba ta aiki a jikin yaro ƙasa da shekara biyu. Wanda ya samu PCV20 ya gama. Wanda ya samu PCV13 ko PCV15 akan biyo masa da Pneumovax bayan shekara, ko bayan sati takwas idan garkuwar jikinsa mai rauni ce.

Wani abu da 'yan uwanmu da ke aiko da magani daga waje ya kamata su sani: babbar lamba ba ita ce mafi dacewa da mu ba. Sabuwar PCV21, wadda ake sayarwa da sunan Capvaxive tun 2024, an tsara ta ne kan nau'o'in da suka rage a jikin tsofaffin Amurka, kuma babu nau'i na 1 a cikinta. Nau'i na 1 kuwa shi ne sananne a yankinmu na Sahel, shi ya jawo ɓarkewar sanƙarau a Ghana a ƙarshen 2015 zuwa 2016. PCV13 da PCV20 duka suna da shi.

Wa ya fi buƙatarta? Mai amosanin jini kafin kowa. Sikila tana lalata saifa tun yarinta, saifa kuma ita ce ke tace irin wannan bakteriya daga jini, shi ya sa zazzaɓin da wani yaro zai shanye yake iya kashe ɗan sikila cikin yini guda. Bayan alluran jadawali yana buƙatar ƙari idan ya cika shekara biyu, tare da ƙwayar fenisilin ta kullum da asibitin sikila ke bayarwa. Sai mai cutar HIV, mai ciwon ƙoda, mai ciwon suga, mai tsohon ciwon huhu, da wanda aka cire wa saifa. Amurka ta sauko da shekarun yi wa kowa daga 65 zuwa 50 a Oktoban 2024.

Korona ita ce mai wuyar magana, domin mutane sun kasu biyu: masu cewa dama ba ta taɓa zuwa nan ba, da masu jin haushin yadda aka tilasta katin allura kafin a shiga ofis ko jirgi. Alƙaluman hukuma na Najeriya sun nuna mutuwar mutum dubu uku da 'yan kai, adadi ƙarami ƙwarai. Amma mutanen Kano ba su manta da Afrilun 2020 ba, lokacin da masu haƙar kabari suka gaji, ana ta rasa dattawa, malamai da 'yan boko, a jere. A Yunin shekarar ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce daga cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce sanadi. Ta zo, kuma tsofaffi ta ɗauka.

Abin da ya sauya shi ne yanzu kusan kowa jikinsa ya san ƙwayar, ko ta kamuwa ko ta allura ko duka biyun. Shi ya sa shawarar ta ƙuntata. Tun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina cewa a riƙa maimaita wa matasa da yara masu lafiya. Waɗanda ta ce a sabunta musu bayan wata 6 zuwa 12 su ne tsofaffi, masu manyan cututtuka, masu raunin garkuwa, sai mai juna biyu a kowane ciki da ma'aikatan lafiya. Ingila a kakar 2025 ta taƙaita ta kyauta ga 'yan 75 zuwa sama da mazauna gidajen tsofaffi da masu raunin garkuwa. Kamar ta infuluwenza, ana sabunta haɗinta gwargwadon nau'in ƙwayar da ke yawo: XBB.1.5 a 2023, JN.1 a 2024. Ba ta cika hana kamuwa ba, kariyar kamuwa watanni kaɗan ce. Aikinta shi ne rage yiwuwar kwanciya asibiti da mutuwa.

Matsalarta a wajenmu samuwa ce. Shirin COVAX, wanda ya kawo wa Najeriya kashin farko na allura kusan miliyan 4 a ranar 2 ga Maris 2021, an rufe shi a ƙarshen 2023. AstraZeneca da aka fara yi mana kamfanin ya janye ta daga kasuwa a 2024. Idan tsohonka yana da suga da hawan jini kuma ka samu sabon haɗi a wuri amintacce, a yi masa. Idan saurayi ne lafiyayye da aka taɓa yi wa, ban ga dalilin da zai sa ya kashe kuɗin mota yana nema ba. Illolinta ma an san su: kumburin tsokar zuciya da ba kasafai ake samu ba, galibi a samari bayan Pfizer ko Moderna, yawanci kuma yana warkewa; da daskarewar jini mai wuyar aukuwa da aka gani a AstraZeneca da Johnson & Johnson. Waɗannan illoli sun fi shafar masu ƙarancin shekaru, amfanin kuma ya fi yawa a tsofaffi, don haka shawarar ta yanzu ta zauna daidai.

RSV ita ce ƙofar da aka daɗe ana bugawa. Sai a 2023 aka amince da allura ta farko, Arexvy ta GSK da Abrysvo ta Pfizer, ta Moderna ta biyo a 2024. Ga tsofaffi kariyarta ta fi ta infuluwenza nesa, wajen kashi 80 cikin ɗari a shekarar farko, kuma zuwa yanzu sau ɗaya ake yi. Amurka tana ba 'yan 75 zuwa sama da 'yan 50 zuwa 74 masu wata cuta. An sa mata gargaɗi kan wata cutar jijiya mai suna Guillain-Barré da ba kasafai take faruwa ba. Tsadarta da ƙarancinta sun sa ga tsohon da ke nan gida ita ce ta ƙarshe a jerin, sai in yana tafiya waje.

Amfaninta na gaske gare mu a jarirai yake. RSV tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 100,000 a shekara, kashi 97 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kusan rabinsu ba su kai wata shida ba. Hanya biyu ce. Ko a yi wa uwa Abrysvo a ƙarshen ciki, daga sati 28 a shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Gwajin da aka yi, wanda Gambiya da Afirka ta Kudu ke ciki, ya nuna raguwar ciwo mai tsanani da kusan kashi 82 cikin ɗari a kwana 90 na farkon rayuwar jariri. Ko kuma a yi wa jaririn kansa nirsevimab, mai sunan kasuwa Beyfortus, wadda garkuwa ce haɗaɗɗiya da ke aiki nan take ta kai kimanin wata biyar. Ɗaya ake zaɓa, ba duka ba. Ta uwa ta fi sauƙin kuɗi kuma ta dace da tsarin awo da muke da shi. Ta jariri ta fi dacewa da bakwaini, wanda ya fito kafin garkuwar uwa ta gama ratsawa. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance Abrysvo, ƙungiyar Gavi kuma ta amince ta tallafa wa ƙasashe su shigar da ita. Mai ciki ta riƙa tambaya a wajen awo. Ranar da ta iso, ita ce zan fi ƙarfafa wa kowace mace gwiwa a kanta.

Na san akwai mai karantawa yana cewa, Pfizer kuma? Tambayar tana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200 a Kano, rabinsu aka ba shi, sauran aka ba su wani magani, 11 daga cikin yaran suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya jawo ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, wanda aka dawo da shi a Kano a 2004 bayan an samo na Indunusiya. Ba zan ce wa kowa ya manta ba. Abin da zan ce shi ne Trovan magani ne da ake kan gwadawa, aka kawo shi wurin da babu mai sa ido. Alluran da ake magana a kansu nan kuwa an riga an yi wa miliyoyin tsofaffi da mata masu ciki a ƙasashen da suka ƙera su, kuma a wannan karon mu ne ba mu samu ba. Darasin Kano shi ne a tambaya: mene ne sunanta, wa ya yi ta, tana da lambar NAFDAC, yaushe za ta lalace. Masu damuwa da sinadarin alade su sani cewa na feshin hanci da ake yi wa yara a Ingila, Fluenz, shi ne ke da jelatin, kuma iyaye suna da damar neman ta allura a madadinsa.

Maniyyaci lissafinsa daban. Saudiyya tana wajabta allurar sanƙarau mai nau'i huɗu aƙalla kwana 10 kafin isa, ga 'yan Najeriya da Nijar kuma akwai ta zazzaɓin shawara, da ɗigon shan inna ga ƙasashen da abin ya shafa. Waɗannan hukumar alhazai ke kula da su. Ta infuluwenza da ta korona sharuɗɗansu kan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka a bi sanarwar hukumar alhazai ta shekarar, NAHCON a Najeriya ko COHO a Nijar. Amma ko ba a wajabta ba, mutum sama da miliyan 1.8 ne suka yi Hajjin 2024, daga ƙasashen da ke cikin sanyi da waɗanda ke cikin zafi, kowa da ƙwayar garinsu, a tanti ɗaya a Mina. Tarin da alhazai ke dawowa da shi ba na banza ba ne. Wanda ya tara miliyoyi ya biya wa mahaifiyarsa kujera, kuɗin allurar infuluwenza da ta numokokas ba za su gagare shi ba, kuma a nan ba na ganin akwai zaɓi, duka biyun za a yi. Tunda Hajji yanzu yana faɗowa wajen Mayu da Yuni, haɗin kudancin duniya da ke fitowa a Afrilu shi ne sabo; na arewa a lokacin yana dab da ƙarewar wa'adi, sai a duba kwanan watan. Mai Umarar azumi ko ta sanyi kuwa na arewa ne nasa. A kuma nisanci raƙuma da ɗanyen nononsu a can, saboda cutar numfashi ta MERS da ta ɓulla a 2012, wadda ba ta da rigakafi.

Idan aka tattara a kan gida ɗaya mai kuɗi ƙayyadadde, ga yadda zan kashe su. Yara a cika musu kati, wannan lokaci kawai yake ci. Ɗan sikila a kai shi a yi masa ƙarin ta numokokas kafin a sayi komai. Tsoho mai ciwon zuciya ko asma ko suga, idan allura ɗaya kuɗin zai iya bana, zan fara da ta numokokas in ba a taɓa yi masa ba, tunda ita ba a maimaita ta duk shekara, daga baɗi kuma a riƙe ta infuluwenza duk Oktoba. Idan raunin zuciya ne ainihin ciwonsa, zan juya tsarin in fara da ta infuluwenza, domin a kansa hujjar ta fi ƙarfi. Mai ciki ta infuluwenza a kowane wata na cikin, da ta RSV idan ta samu. Ni da kai masu matsakaicin shekaru da lafiya mu ne na ƙarshe, sai fa wanda ke jinyar tsoho ko yake aikin asibiti. Ana iya yin biyu rana ɗaya, kowace a hannu daban. Ciwon dantse da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, kuma ta allura ba ta iya sa wa mutum infuluwenza, domin babu ƙwaya mai rai a ciki.

Inda za a yi ta yana da muhimmanci daidai da wadda za a yi. Yawancinsu suna son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Zafi yana kashe su, daskarewa ma haka, kuma a ido ba a ganewa. Shagon da firjinsa ke bin wutar NEPA, ko allurar da aka ɗauko a jakar matafiyi ba ƙanƙara, kuɗin banza ne. A zaɓi wurin da ke da firjin sola ko janareto tsayayye, a ga an ciro ta a gabanka, a rubuta maka suna da lambar kwalba a kati.

Ko an yi duka huɗun, tari zai shigo gida. Ampiclox da Septrin na kemis ba sa taɓa bairos, sai dai su koya wa bakteriya jure magani. Kada a ba yaro asfirin, farasitamol ya isa. Zuma tana sassauta tari amma ba a ba wanda bai cika shekara ba. Mai rauni da ake zaton infuluwenza ce ya ga likita da wuri, domin maganinta oseltamivir ya fi aiki cikin awa 48 na farko, na korona kuma, Paxlovid, cikin kwana biyar, kuma yana karo da wasu magungunan zuciya. A ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance shiru: 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata biyu, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce. Idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya ƙi nono, ko leɓe ya canza launi, asibiti a daren, ba da safe ba. Tsoho kuwa sau da yawa ba ya zazzaɓi. Ruɗewa, yawan barci da ƙin abinci ne alamarsa. Tarin da ya wuce sati biyu, musamman da rama da gumin dare, a je a gwada kaki domin tarin fuka, gwajin da maganin duka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.